Bororo da Kanta a Yatsun Makaɗan Babban Gogen Turawa

Gabatarwa

Daga cikin kayan kiɗan Turawa dangin goge da ake amfani da su yau da kullum, babu wanda ya kai dabul-bas girma da kaurin murya. Tsawonsa ya kai kimanin mita 1.8, wato tsayin cikakken namiji, don haka a tsaye ake kaɗa shi, ko kuwa a zaune bisa doguwar kujera, an kafa gindinsa a ƙasa. Mai karatu zai iya kwatanta shi da gogen da ya sani a gida, sai dai shi da katako ake yin cikinsa maimakon ƙwarya, kuma tsirkiyoyinsa huɗu ne. Saboda sauƙin bayani, wannan maƙala za ta riƙa kiransa babban goge.

Kusan duk wanda ya fara koyon kaɗa shi da yatsu yakan gamu da bororo tun a kwanakin farko. Ƙwararre ma bai tsira ba, muddin ya yi dogon hutu sannan ya dawo. Ga ɗalibi, bororo na iya zama dalilin ajiye koyo gaba ɗaya. Ga wanda kiɗa ne hanyar cin abincinsa, yana iya jawo asarar aikin mako guda, idan kuwa ƙwayoyin cuta suka shiga, abin na iya kai wa ga kwanciya a asibiti. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda bororo ke samuwa a cikin fata, domin wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa wasu dabarun rigakafi ke aiki, wasu kuwa ɓata lokaci ne kawai.

Aikin da Babban Goge ke Ɗora wa Yatsa

Hanyoyi biyu ne ake fitar da sauti daga babban goge. Ta farko ita ce a goga tsirkiya da baka mai izgar doki, kamar yadda mai goge ke yi. Ita aka fi bi a manyan ƙungiyoyin kiɗan Turai, kuma da ita ne Domenico Dragonetti (1763-1846) da Giovanni Bottesini (1821-1889), dukansu mutanen Italiya, suka yi suna. Ta biyu ita ce a fizgi tsirkiya da yatsa. Wannan hanya ta samu gindin zama a kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin Niyu Olins a farkon ƙarni na 20. Makaɗa irin su Jimmy Blanton, wanda ya yi aiki da ƙungiyar Duke Ellington daga 1939 zuwa 1941, da Charles Mingus, da Ray Brown, da Ron Carter, da yatsu suka yi mafi yawan aikinsu. Akwai kuma wani salo da ake fincikar tsirkiya har ta koma ta bugi allon katakon da ke ƙarƙashinta, sannan a mare ta da hannu, irin wanda Bill Black ya yi a faya-fayan Elvis Presley na farko a 1954. Wannan salo ya fi kowanne cin fata.

Sashen tsirkiya da ke karkarwa yana da tsawon kimanin santimita 105, kuma mafi kauri a cikin huɗun ta kusa milimita 3. Ita wannan sau 41 kacal take karkarwa a daƙiƙa guda, shi ya sa muryarta ke fita kamar rugugi. Kafin tsirkiya mai irin wannan tsawo da nauyi ta ba da muryar da ake so, sai an ɗaure ta tamau. Tsirkiyar ƙarfe guda ɗaya takan ja da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 25 zuwa 30, wani lokaci ma fiye, ta yadda huɗun gaba ɗaya sukan haura kilo 100, wato nauyin babban buhun masara. Yatsa ba ya ɗaukar wannan nauyi duka, kautar da tsirkiyar gefe kawai yake yi, amma gwargwadon tsaurinta gwargwadon ƙarfin da zai sa. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 da hanjin tumaki ake yin tsirkiyoyin, kuma daga shekarun 1950 ne na ƙarfe suka yaɗu. Na hanji sun fi sassauci amma sun fi kauri da kaushi, na ƙarfe kuwa sun fi santsi amma sun fi tsauri.

Sai kuma maganar yawan maimaitawa. A kiɗan jaz, mai babban goge yakan fizgi tsirkiya sau ɗaya a kowane bugu. Idan ana tafiya da bugu 120 a minti guda, wanda matsakaicin sauri ne, to a cikin awa biyu na kiɗa ya fizga sau 14,400. Yatsu biyu ne, manuni da na tsakiya na hannun dama, ke raba wannan aiki, kuma a kan ɗan wurin da bai wuce faɗin ƙwayar wake ba. Yatsun hagu su ma suna shan wahalar danne tsirkiya da zamewa a kanta, amma su tsami da kanta suka fi yi. Inda bororo ya fi kama hannun hagu shi ne gefen babban yatsa, lokacin da ɗalibi ya fara danne tsirkiya da shi don fitar da siraran muryoyi.

Ginin Fatar Yatsa

Fata kashi biyu ce. Akwai fatar sama, wadda masana ke kira epidamis, da fatar ciki, wadda suke kira damis. Jijiyoyin jini da mafi yawan jijiyoyin da ke kai saƙon taɓi da zafi zuwa ƙwaƙwalwa suna cikin fatar ciki. Fatar sama ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, daga ƙasa take samun abincinta. Kaurinta ya bambanta daga wuri zuwa wuri: a fatar ido bai wuce kashi 1 cikin 20 na milimita ba, amma a tafin hannu da tafin ƙafa yana iya haura milimita guda.

A tafin hannu da cikin yatsu, fatar sama hawa biyar ce. Hawan ƙasa shi ne tushe, inda ƙwayoyin halitta ke rabuwa suna haifar da sababbi ba dare ba rana. Sababbin sukan tura tsofaffi sama zuwa hawa na biyu, wanda ake kira mai ƙaya, saboda a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu ƙwayoyinsa kan yi kama da masu ƙayoyi. Waɗannan ƙayoyi a haƙiƙa ƙananan maɗaurai ne da ke riƙe kowace ƙwaya da maƙwabtanta. Daga nan sai hawa mai tsaba-tsaba, sai wani siririn hawa mai haske, sai kuma ɓawo a can waje. Kafin ƙwaya ta isa ɓawo ta riga ta mutu, ta baje, ta cika da wani furotin mai tauri da ake kira keratin, wanda da shi ne aka gina farce da gashi da ƙahon saniya. Wannan tafiya daga tushe har zuwa lokacin da ƙwaya za ta kakkaɓe ta faɗi tana cin kimanin wata guda ko fiye.

Fatar cikin yatsa ta bambanta da ta sauran jiki ta wasu fuskoki da suka shafi wannan magana. Ɓawonta yana da kauri da tauri. An ɗaure ta tam da naman da ke ƙarƙashinta, ba ta zamewa kamar fatar bayan hannu. Bugu da ƙari, tana da maɓuɓɓugan gumi masu ɗimbin yawa, alhali ba ta da gashi kuma ba ta fitar da maiƙo. Waɗannan siffofi su ne ke bai wa ɗan Adam damar riƙe abu da kyau, kuma su ne ke sa bororo ya fi fita a can.

Yadda Bororo ke Samuwa

Jama'a da dama sun ɗauka cewa bororon guga ƙuna ce, wato zafin gogayya ne ke dafa fata. Bincike ya nuna cewa tsagewa ce da ke faruwa a cikin fatar kanta. A 1955 wani likitan fata ɗan Ingila, P. F. D. Naylor, ya yi amfani da wata na'ura da ke goga fatar mutanen da suka ba da kansu don gwaji, da ƙarfin da aka auna. Ya gano cewa abubuwa biyu ne ke tafiya tare: ƙarfin gugar da yawan maimaita ta. Idan ƙarfin ya ƙaru, guga kaɗan ta isa ta lalata fata, idan ya ragu, sai an maimaita sau da yawa. Ya kuma lura cewa fata mai ɗan danshi ta fi kama abu fiye da busasshiya ƙayau ko wadda ta jiƙe sharkaf.

A shekarun 1960, Marion Sulzberger da abokan aikinsa a wata cibiyar binciken sojan Amurka da ke San Faransisko suka ci gaba da aikin, domin bororon ƙafa na hana sojoji tafiya. Su da robar goge rubutu ta gindin fensir suka riƙa murza fata. Suka ga cewa a wuraren da fata ke da siriri, saɓulewa take yi kawai, amma a tafin hannu da tafin ƙafa ɓawo yakan jure, tsagewar ta auku a ƙarƙashinsa, a hawa mai ƙaya.

Mai karatu zai fahimci abin da ke faruwa idan ya ɗora tafin hannunsa a kan bangon littafi mai kauri ya tura gefe guda. Bangon sama zai bi hannu, na ƙasa ya tsaya a kan tebur, shafukan da ke tsakani kuwa su karkace. Haka yake a yatsa. Lokacin fizga, tsirkiya takan riƙe ɓawon fata na ɗan lokaci, alhali ƙashin yatsa ya ci gaba da tafiya, sai abin da ke tsakaninsu ya miƙe. Miƙewa ɗaya ba ta yin komai. Amma kamar yadda waya ke karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, haka maɗauran ƙwayoyin hawa mai ƙaya ke gajiya bayan dubban maimaitawa, su tsinke, ƙwayoyin su mutu, a sami wani ɗan rami a tsakiyar fata. Ɗumi da gumi suna hanzarta wannan aiki.

Da farko ramin babu komai a cikinsa. Abin da makaɗi zai ji shi ne ɗumi da ɗan raɗaɗi a wuri guda, sannan wurin ya yi fari-fari. A cikin kamar awa biyu ruwa yakan tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin jinin fatar ciki ya cika ramin. Wannan ruwa ɗan'uwan ruwan jini ne, sai dai furotin ɗinsa bai kai na jini ba. Jinkirin nan ne ke yaudarar makaɗa da yawa, domin sau tari sai an tashi daga wasa sannan bororon ya bayyana, alhali ɓarnar ta auku tun ana tsakiyar kiɗa. Idan kuwa tsagewar ta yi zurfi har ta taɓa jijiyoyin jini, sai bororon ya cika da jini ya yi baƙi.

Daga Bororo zuwa Kanta

Fata tana da saurin gyara kanta. Bayan awa 24 da fitar bororo, ƙwayoyin tushe sukan shiga rabuwa da gaggawa. Bayan awa 48 sabon hawa mai tsaba-tsaba ya samu, kuma a kwana na biyar ana iya ganin sabon ɓawo. Saboda haka yawancin bororo kan warke da kansa cikin mako guda. Sai dai sabon ɓawon siriri ne, bai kai ƙarfin wanda ya maye gurbinsa ba.

Idan kuwa gugar da fata ke sha ba ta kai ta tsaga ta ba, amma ana maimaita ta kullum, sai ƙwayoyin tushe su ƙara yawan haihuwa, ɓawo ya ƙara kauri, ƙwayoyinsa su ƙara mannewa da juna. Wannan ita ce kanta. Manomi ya san wannan al'amari sarai: hannun da ya huta da rani yakan yi bororo a makon farko na riƙe fartanya, amma kafin a kai ga maimai ya yi kanta. Amfanin kanta shi ne ta rarraba ƙarfin fizga a kan wuri mai faɗi, ta yadda kowace ƙwaya da ke ƙasa za ta ɗauki kaso kaɗan. Samuwarta na cin makonni, kuma takan zube cikin makonni idan aka daina aikin.

A nan ne masu koyo da yawa ke kuskure, domin akwai maganar da ta yaɗu a tsakaninsu cewa sai an yi bororo an fasa shi sannan kanta ke fitowa. Gaskiyar ita ce bororo yana mayar da hannun agogo baya. Rufinsa shi ne ɓawon da aka fara tarawa, kuma idan ya bushe ya ɓare, sai a koma kan sabuwar fata mai taushi, a sake sabon lale.

Wasu kuma na tsoron kada kanta ta kashe jin yatsa. A 2019 wasu masana ƙarƙashin Nicholas Holowka da Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard suka auna tafin ƙafar mutane a Kenya da Amurka, suka ga cewa masu tafiya ba takalmi sun fi kaurin kanta, amma hakan bai rage musu jin karkarwar abin da ya taɓa ƙafarsu ba. Dalili shi ne kanta tauri gare ta, tana miƙa motsi kai tsaye zuwa jijiyoyin da ke ƙasa, ba ta shanye shi kamar katifa. A ƙafa aka yi wannan gwaji, amma ginin fatar tafin ƙafa da na cikin yatsa iri ɗaya ne.

Hanyoyin Rigakafi

Tunda ƙarfin fizga da yawan maimaitawa da danshi su ne tushen matsalar, rigakafi bai wuce rage waɗannan ba har fata ta saba.

1. Ƙara lokaci sannu a hankali. Malaman kiɗa kan shawarci mai koyo ya riƙa fizga na minti 10 zuwa 15, ya huta, ya sake, sau biyu ko uku a yini, maimakon zama ɗaya na awa biyu a ƙarshen mako. Wanda ya dawo daga hutu ko jinya shi ma haka zai yi, ko da ya shekara ashirin yana kiɗa, domin ƙwarewa tana zama a ƙwaƙwalwa amma kanta ba ta zama a yatsa. Sannu ba ta hana zuwa.

2. Tsayawa da zarar an ji ɗumi. Raɗaɗi a wuri guda alama ce cewa maɗaurai sun fara tsinkewa. A wannan lokaci sai a koma amfani da baka, ko motsa hannun hagu kawai, ko nazarin rubutun kiɗa, a bar yatsan ya huta har gobe.

3. Gyara yadda ake fizga. Makaɗan jaz sukan kwantar da manuni kusan a jere da tsirkiya, su ja da gefensa mai tsoka, su bar nauyin hannu ya yi aikin. Wannan yana shimfiɗa ƙarfin a kan fata mai faɗi, kuma yana ba da murya mai kauri. Mai ƙwaƙular tsirkiya da kan yatsa kuwa yana tara ƙarfin duka a ɗigo guda. Yin karɓa-karɓa tsakanin manuni da yatsan tsakiya yana raba aikin gida biyu.

4. Gyara kayan kiɗan. Tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyi da ƙarshen allo takan kama daga kimanin milimita 5 zuwa 10. Idan ta yi yawa, hannuwan biyu za su wahala. Mai gyaran kayan kiɗa zai iya rage tsayin ɗan katakon da ke tallafe da tsirkiyoyi, wanda masu goge ke kira jaki, ko ya sa tsirkiyoyi masu sassauci.

5. Amfani da na'urar ƙara sauti. Makaɗan farko ba su da zaɓi illa su fizga da iyakar ƙarfinsu don a ji su a tsakiyar ƙahonni da ganguna. Tun daga 1946, lokacin da Everett Hull ya shiga sana'ar haɗa wa babban goge makirfo da na'urar ƙara sauti, a kamfanin da daga baya aka sani da Ampeg, wannan larura ta ragu. Mai kiɗan da ba ya jin kansa a dandali ya fi kowa haɗarin bororo, domin zai ƙara ƙarfi ba tare da ya sani ba.

6. Kula da danshi. Kada a kama tsirkiya bayan wanka ko wanki sai fata ta bushe ta koma yadda take. A ajiye ƙyalle kusa don share gumi. Akwai magungunan hana gumi: a wani gwaji da aka buga a 1998 kan ɗaliban makarantar hafsoshin sojan Amurka ta West Point, kashi 21 cikin 100 na waɗanda suka shafa irin wannan magani a ƙafa suka yi bororo, a kan kashi 48 na waɗanda aka ba maganin bogi. Amma fiye da rabin masu shafawar sun yi fama da ƙaiƙayi ko raɗaɗin fata, don haka bai dace a yi amfani da shi ba sai da shawarar likita. Shafa mai kuwa yakan rage kamun tsirkiya da farko, amma idan fata ta shanye shi ta yi laushi, sai kamun ya dawo har ya ƙaru.

7. Tsabtace tsirkiya. Ƙaron da ake goga wa izgar baka yakan manne a tsirkiya ya sa ta danƙo. A fizga a sama da wurin da baka ke bi, kuma a goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa.

8. Naɗa filasta. A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford suka nuna cewa filastar takarda mai araha ta rage bororon ƙafa da kashi 40 cikin 100 a tsakanin masu gudun dogon zango 128. Makaɗa ma suna naɗa filasta a ranar dogon aiki, musamman masu salon marin tsirkiya. Tana ɗan canja murya, kuma wanda ya dogara da ita kullum kantarsa za ta yi jinkirin fitowa.

9. Kiwon kanta. Kanta mai kyau ita ce mai santsi da ke ɗan lanƙwasuwa. Wadda ta yi tudu ta bushe takan yi faso, ko bakinta ya maƙale a tsirkiya ta ɓalle gaba ɗaya, ko bororo ya fita a ƙarƙashinta. A riƙa daidaita ta da dutsen goge kaushi, a shafa mai da dare lokacin kwanciya, musamman a lokacin sanyi da bushewar iska. Jiƙa yatsa a ruwan gishiri ko ruwan khal ko sifirit, kamar yadda wasu ke yi, saman fata kawai yake busarwa, alhali tsagewar a ƙasa take aukuwa.

Magani

Doka ta farko ita ce a kiyaye rufin bororo. Shi ne bandejin da ya fi kowane dacewa, yana tare ƙwayoyin cuta, yana kuma rufe jijiyoyin da ke jawo zogi. Ƙaramin bororo da ba ya damun mai shi, a wanke shi da ruwa da sabulu, a rufe da filasta, a ƙyale shi, jiki zai shanye ruwan da kansa.

Idan bororon babba ne, ya yi tsauri, kuma da alama zai fashe da kansa, to tsiyaye ruwan cikin tsabta ya fi barin sa ya yage a kan tsirkiya. Gwajin da Thomas Cortese da abokansa suka buga a 1968 ya nuna cewa rufin ya fi mannewa da ƙasan idan aka tsiyaye ruwan sau uku a cikin awa 24 na farko, ko kuwa sau ɗaya bayan cikar awa 24. Yadda ake yi shi ne a wanke hannu da sabulu, a goge wurin da sifirit ko aidin, a ɗauko sabuwar allurar sirinji daga cikin ledarta, a huda gefen bororon a wuri ɗaya ko biyu, a matsa a hankali da auduga mai tsabta har ruwan ya fita, a bar rufin ya kwanta, sannan a rufe. A canja filasta kullum, a duba wurin. Kada a yi amfani da allurar da wani ya taɓa amfani da ita, saboda cututtukan da ake ɗauka ta jini, kuma kada a zura zare a bar shi a ciki, domin hanya ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Idan rufin ya riga ya yage, a wanke wurin da ruwa mai tsabta, a datse abin da ya yi datti ko yake lilo da almakashi mai tsabta, a shafa basilin kaɗan, a rufe. Rauni ya fi saurin warkewa idan yana rufe da ɗan danshi fiye da idan an bar shi ya bushe ya yi ɓamɓaroki. Akwai filasta ta musamman ta bororo da ake samu a kemis, wadda ke shanye ruwan rauni ta yi laushi, kuma ana iya barin ta kwanaki.

Bororo mai jini ba a huda shi a gida, domin ya kai ga fatar ciki, inda ƙwayoyin cuta ke da hanyar shiga jini. Haka nan mai ciwon sukari, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da mai shan maganin tsinka jini, kada su huda kowane irin bororo da kansu.

Wasu makaɗa kan shafa gam ɗin nan mai saurin kamawa da ake kira sufa-gulu don su samu su gama wasa. Na kasuwa ba don jiki aka yi shi ba: yana fitar da zafi lokacin daskarewa, yana iya cin fata, kuma a kan buɗaɗɗen rauni yana kulle ƙwayoyin cuta a ciki. Akwai danginsa da aka yi don likitoci, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998, amma shi ma ba a sa shi a kan raunin da ya gurɓata. Wanda dole ta sa ya yi wasa da bororo, gara ya rufe shi da filasta, ya koma ga ɗaya yatsan, ya ƙara muryar na'ura. Dawowa cikakken aiki kuwa sai bayan kwana biyar zuwa bakwai, kuma da kaɗan-kaɗan.

Lokacin da ya Wajaba a Ga Likita

A watan Yuli na 1924, Calvin Coolidge ƙarami, ɗan shugaban ƙasar Amurka na wancan lokaci, ya rasu yana da shekara 16. Bororo ne ya fita a yatsan ƙafarsa bayan ya buga tanis a fadar shugaban ƙasa, ƙwayar bakteriya da ake kira sitafilokokas ta shiga jininsa, kuma cikin kimanin mako guda rai ya yi halinsa, shekara huɗu kafin Alexander Fleming ya gano fenisilin. Yanzu akwai magunguna, amma ƙwayar tana nan a fatar mutane da hancinsu, kuma wasu ire-irenta sun daina jin magungunan da aka saba.

Alamomin da za a lura da su su ne zogi mai bugawa da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da kumburi, da zafin wurin, da ruwan bororo da ya koma mugunya, da jan layi da ke hawa hannu, da kaluluwa a hammata, da zazzaɓi. A baƙar fata ja ba ya fita sosai, don haka a fi dogara da zafi da kumburi da zogi. Tsokar kan yatsa a rarrabe take zuwa ƙananan ɗakuna rufaffu, kuma idan mugunya ta taru a ciki, irin abin da Hausawa ke kira karkare, matsin yakan tare jini har cutar ta kai ga ƙashi. Wannan aikin likita ne, kuma ba ya son jinkiri.

Har ila yau, ba kowane ƙurji mai ruwa ne bororon guga ba. Ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi da ke fita a yatsu da yawa na iya zama alamar cewa fata ba ta jituwa da ƙarfen nikel da ke cikin wasu tsirkiyoyi, ko da ƙaron baka. Tarin ƙananan ƙuraje masu raɗaɗi a kan yatsa guda kuwa na iya zama aikin wata ƙwayar bairus, kuma huda su yana yaɗa ta.

Kammalawa

A taƙaice, bororo tsagewa ce da ke aukuwa a tsakiyar fatar sama idan ƙarfin fizga da yawan maimaitawa suka wuce abin da fata ta saba da shi. Kanta kuwa ita ce amsar da fata ke bayarwa idan aka ba ta aiki daidai ƙarfinta, aka kuma ba ta lokaci. Makaɗin da ya ƙara lokacinsa sannu a hankali, ya tsaya da zarar ya ji ɗumi, ya gyara fizgarsa da kayan kiɗansa, zai iya samun kanta ba tare da ya sha wahalar bororo ba. Idan kuwa ya fita, a kiyaye rufinsa, a tsabtace shi, a sa masa ido. Wannan bayani ya shafi duk mai sana'ar da hannunsa ke gogayya da abu guda sau dubbai a yini, daga mai kaɗa gurmi har zuwa mai riƙe taɓarya.